Tun da damina ta faɗi yaranmu suka sake firgicewa, ina mafita?

Gwaggon Yara:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar yara. 'Ya'yan yayana uku da mahaifiyarsu suna gidana tun ambaliyar da ta auka wa Maiduguri a watan Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwan Alau ta ɓalle. A Gwange suke zaune. Cikin dare suka fito, babban ya saɓa ƙaramin a wuya, ɗaya hannun yana riƙe da kakarsu, wato mahaifiyarmu, ruwa ya fizge ta daga hannunsa. Sai daga baya aka samu gawarta.

Da rani kamar abin ya lafa, damina na faɗuwa komai ya dawo sabo. Ƙaramin, mai shekara 6, ya koma fitsarin kwance, ba ya sakin zanen uwarsa, kullum yana tambayar yaushe Kaka za ta dawo, don mun ce masa tafiya ta yi. Macen, mai shekara 9, da ta ga hadari sai ta shige ƙarƙashin gado, kowace safiya ciwon ciki, ta ƙi makaranta. Babban shekararsa 15, shi kam ko da ranin bai dawo daidai ba: ba ya magana, ba ya barci, abu kaɗan sai faɗa, yanzu har kwana yake yi a waje. Ubansu yana Legas wajen nema. A gida wasu na cewa iska ce, wasu na cewa rashin duka ne. Ta ina zan fara?

Nas Mai Jinya:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Hajiya, ya ba ku haƙuri. Gwaggo, zan yi magana a kan ƙaramin, domin nasa ne ya fi saurin gyaruwa, kuma gyaran yana hannunku.

Dawowar abin da damina ba abin mamaki ba ne. Jikin yaro yana riƙe ƙarar ruwa a kan kwano, warin laka, duhu da ihun mutane, ko da bakinsa ba zai iya ba da labarin ba. Idan ya sake jin ɗaya daga cikinsu, zuciya ta hau bugawa tun kafin ya yi tunani. Ba shagwaɓa ba ce, kuma duka ba ya cire ta, ƙara ta yake yi.

Abu na farko, a daina ce masa Kaka ta yi tafiya. Na san don tausayi aka faɗa, amma ga abin da yake haifarwa: a wajensa wanda ya yi tafiya ba ya dawowa, don haka in uwarsa ta ɗauki mayafi za ta kasuwa, ita ma ta tafi ke nan. Shi ya sa ya kama zanenta. Ku zaɓi safiya ko hantsi, ba dab da barci ba, uwar ta ɗora shi a cinya, ke kina gefe. A faɗa masa a gajarce: "Kaka ta rasu a ruwan nan. Wanda ya rasu ba ya numfashi, ba ya cin abinci, ba ya jin zafi, kuma ba ya dawowa gida. Ba laifinka ba ne, ba laifin Yaya ba ne. Mama na nan, Gwaggo na nan, mu za mu kula da kai." Kada a ce barci take yi, sai ya ji tsoron barci. Kada a kwatanta masa yadda aka samu gawar. Mai yiwuwa ya saurara ya sauka ya ci gaba da wasansa kamar bai ji ba, gobe ya sake tambaya. Yaro mai wannan shekarun bai gama gane cewa mutuwa ba ta da komowa ba, don haka ku ba shi amsa iri ɗaya da kalmomi iri ɗaya ko sau nawa ya tambaya. In ya ce me ya sa kuka ce tafiya ta yi, ku ce mun ji tsoron ɓata maka rai ne, amma yanzu gaskiya za mu riƙa faɗa maka.

Duk wanda zai fita ya yi masa sallama, ya faɗi lokacin dawowa da abin da yaron ya sani, kamar "bayan la'asar", kuma ya cika. Sulalewa a ɓoye don kada ya yi kuka ita ce ke tsawaita matsalar.

Fitsarin kwance kuma, a fara da asibiti kafin a ɗora wa firgici. A gwada fitsarinsa. Abubuwan da za ki lura ki faɗa wa likita: zafi in yana fitsari, jini a ƙarshen fitsarin (tsargiya ce ake zargi, kuma yaran da suka shiga ruwan rafi ko na ambaliya suna iya kamuwa), yawan ƙishirwa da rama (ciwon suga), ko taurin bayan gida, wanda ke danne mafitsara. In duk babu, ga tsarin gida: ya sha ruwa sosai da rana, a rage awa ɗaya zuwa biyu kafin kwanciya, ya yi fitsari dab da hawa gado. A sa leda a ƙarƙashin zanen gado, a ajiye fo da tocila kusa da shi, domin da yawansu suna farkawa amma tsoron fita banɗaki cikin duhu da ruwan sama ke hana su. Da safe a canja shimfiɗa ba surutu. Kada a bar yara su yi masa waƙar amalala, kada a shanya katifarsa a gaban baƙi ana nuni. A yaba masa a kan abin da yake iya yi, kamar yin fitsari kafin barci, ba a kan wayewar gari a bushe ba, don wannan ba a hannunsa yake ba. Yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni.

In kika ga yana gina gidajen ƙasa yana kwara musu ruwa, ki bar shi. Da wasa yake faɗin abin da ya gani. In wasan kullum a halaka yake ƙarewa kuma yana fitowa daga ciki a firgice, ki zauna kusa ki miƙa masa murfin kwalba ki ce ga kwalekwale, wa zai fara shiga?

Malam Hedimasta:

Allah ya gafarta wa mamaciya. Malama, ni ta macen zan ɗauka.

Ciwon cikin gaske ne, ba ƙarya take yi ba, fargaba tana murɗa ciki. A kai ta a duba sau ɗaya, tsutsar ciki, zazzaɓin cizon sauro da sauransu. In likita ya ce lafiya, to ciwon ba zai zama dalilin zama gida ba. Ki lura ko yana zuwa ranar da babu makaranta. In ba ya zuwa, kin samu amsa. Kowace rana da ta zauna gida tana samun sauƙi na ɗan lokaci, gobe kuma tsoron ya fi na yau. Amma ba a jan ta da ƙarfi ana dukanta har ƙofar aji. A hankali ake hawa: kwana biyu na farko ki raka ta, ta yi awa ɗaya ko biyu ki dawo da ita. Sai zuwa lokacin tara. Sai yini guda. Cikin mako biyu yawanci an kai. Ki ga malamar ajinta tun kafin ranar farko, ku yi yarjejeniya uku: ba bulala saboda makara ko rashin mayar da hankali, a zaunar da ita kusa da ƙawarta, kuma in hadari ya taso ta san wurin wa za ta je. Abin da ke cinta a makaranta sau da yawa shi ne kada ruwa ya zo tana nan 'yan gida suna can. Don haka ki faɗa mata a fili wanda zai zo ya ɗauke ta in an yi ruwa mai yawa.

Kada ki yi mata alkawarin cewa ba za a sake ambaliya ba. 'Yar shekara 9 ta san ba ki da wannan ikon, sai ta daina yarda da sauran maganarki. Ki faɗa mata abin da yake gaskiya: ruwan da ya ci gidansu daga madatsa ya ɓallo ya bi kogin Ngadda, ba kowane ruwan sama ke yin haka ba, kuma kafin 2024 rabon da garin ya ga irinsa tun 1994. Sannan ku yi shiri tare da ita. Jaka ɗaya a rataye kusa da ƙofa, a ciki akwai takardun haihuwa da na makaranta a ƙulle cikin leda, tocila, maganin wanda ke shan magani, da tufafi kala ɗaya. Ta haddace lambar waya biyu. Ku taka da ƙafa da rana tsaka zuwa tudun da za ku nufa in ta kama, sau ɗaya ko biyu ya isa, ba kullum ba, kada shirin kansa ya zama abin tsoro. Ki ba ta aiki: ita ce mai duba batirin tocila kowace Juma'a.

Na hadarin kuma, ki koya mata numfashi tun sama na garau, don ba a koyon abu cikin firgici. Ta ɗora hannu a ciki, ta ja iska ta hanci tana ƙirga uku har hannun ya ɗaga, ta fitar ta baki a hankali tana ƙirga biyar, kamar mai hura kunu mai zafi. Sau biyar a jere, safe da dare. Kuskuren da ake yi shi ne jan iska da sauri da yawa, wannan jiri yake kawowa. Fitarwar ce ke kwantar da zuciya, ita za a tsawaita.

Daga nan sai a riƙa matsowa. Ruwan farko ki zauna a bakin gadon tana ƙarƙashi, ki riƙa yi mata tatsuniya. Na gaba ta fito ta zauna a jikinki. Na gaba ku leƙa ta taga. Na gaba ta miƙa hannu yayyafi ya taɓa ta, har ta kai ga tara bokiti a bakin indararo. Kada a tsallake mataki, kuma kada a bar mataki tana tsakiyar tsoro, a jira ya sauka tukuna.

Abu ɗaya da manya ke mantawa: hirarku. Ana zaune a tsakar gida ana kallon bidiyon ambaliya a WhatsApp, ana cewa bana ma an ce madatsar za ta sake ɓallewa, yara na gefe kamar ba sa ji. Suna ji sarai. A bar wannan hirar sai sun yi barci.

Jami'ar Walwala:

Abin da Nas da Malam suka faɗa daidai ne, amma Gwaggo, ni da za ki bi tawa, da babban za ki fara, yau ba gobe ba. Ƙananan suna nuna nasu a fili, kuma nasu ya lafa ya dawo. Shi nasa bai taɓa lafawa ba. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne: firgici a makonnin farko bayan bala'i abu ne da aka saba gani, yawancin yara suna warwarewa da kulawar gida. In ya wuce wata ɗaya bai ragu ba, kuma ya hana barci, karatu ko zama da mutane, ya zama na asibiti. Wannan yaron ya wuce nan da nisa.

Ki duba abin da yake ɗauke da shi. Hannun kakarsa a hannunsa yake. Kusan tabbas kowane dare yana maimaita wannan lokacin yana cewa da na ƙara riƙewa. Ki bincika a hankali ko wani ya taɓa ce masa "kai ka sake ta", ko da cikin faɗa ne tsakanin yara. Faɗan da yake yi da kwanan waje duk gudu ne: gidan cike yake da fuskokin da yake ganin ya cuta.

Kada ki tara masa mutane, kada ki zaunar da shi gaba da gaba ki ce ba ni labarin abin da ya faru. Tilasta wa mutum ya kwashe labarin bala'i a zama ɗaya ba ya warkarwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi hani da shi. Samari sun fi buɗe baki in ana tafiya ko ana wani aiki. Ki ce ya raka ki unguwa. A hanya ki faɗi naki, a gajarce: "Uwata ce, kuma ban taɓa ganin laifinka ba. Ruwan da ya rushe katanga ya tafi da motoci, babu hannun da zai riƙe mutum a cikinsa. Ƙaninka yana raye saboda kai." Daga bakinki wannan maganar tana da nauyin da ba ta da shi a bakin kowa, ke da mahaifinsa. Ki sa uban ya faɗa masa irinta ta waya. In bai amsa ba kada ki cika shirun da nasiha. "Ka yi haƙuri, kai namiji ne" rufe baki take yi.

Akwai tambayar da dole a yi masa kai tsaye, ba kwana-kwana: "Ka taɓa jin gara ka mutu? Ka taɓa tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, wanda yake da shi ne ke samun ƙofar magana. In ya ce e, kada ki yi salati ki hau shi da wa'azi. Ki tambaya ko ya yi tunanin da me, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Ko me ya amsa, tun yau ki kulle fiya-fiya, maganin ɓera, maganin feshi da ƙwayoyin da ke gidan.

Ki kuma san inda yake kwana da waɗanda yake tare da su. Matashin da ba ya barci shi ne abokai ke miƙa wa taramol, kodin ko wiwi da sunan taimako. Alamun: jan ido, barcin rana mai nauyi, maganar da ke jan harshe, ɓatan kuɗi a gida. In kin gani, ki ɗauke shi a matsayin wani ɓangare na ciwon, ki faɗa wa likita. Kora daga gida ko kai shi gidan mari na ƙara dagula lamarin.

Dokar dare ta zauna, amma ku yanke ta tare, misali ƙarfe tara yana gida. A samo masa namiji babba ɗaya da yake jin nauyi kuma yake sakewa da shi, kawu ko malami ko mai koyar da ƙwallo. A ba shi aikin da ake bukata da gaske, kamar raka ƙanwarsa makaranta ko koyon sana'a da yamma. Sai dai kada a ce masa yanzu kai ne uban gida, shekararsa 15.

A Maiduguri akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a kan hanyar Baga, akwai kuma sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Ki nemi a haɗa shi da masanin halayyar ɗan Adam. Maganin da aka fi tabbatar da amfaninsa ga irin wannan na zama ne da magana, yawanci zama 8 zuwa 16, sau ɗaya a mako, inda ake fara koya masa kwantar da jiki sannan a bi labarin daki-daki a gyara inda yake ɗora wa kansa laifi. Zai ce shi ba mahaukaci ba ne. Ki ce masa likitan rashin barci za ku gani, kuma gaskiya kika faɗa.

Gwaggon Yara:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Tambaya biyu. Uwarsu ta karɓo wa babban wata ƙwayar barci a kemis, yana sha kusan kullum. Sannan dangi sun matsa a kai macen wajen mai ruƙiyya. In hana ne?

Malamin Islamiyya:

Malama, addu'a ba a hana ta. Karanta Ayatul Kursiyyu lokacin kwanciya, da karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tofa a tafin hannu a shafe jiki, sunna ce, kuma in uwa ko ke kuka yi mata da murya mai taushi kowane dare a lokaci ɗaya, za ta samu natsuwa biyu. Abin da za ki tsaya a kai ki hana shi ne a kai yarinyar da ta riga ta firgita ɗakin da ake ihu a kunnenta, ana turnuƙe ta da hayaƙi, ana dukanta wai ana dukan aljani, ko a ce mata akwai wani abu a jikinta. Ta shiga da tsoron ruwa, ta fito da tsoron kanta. Dalilin tsoronta sananne ne, kowa a gidan ya san daren da ya fara. Ki ce wa dangi a yi mata tofi a gida, a gabanki.

Kuma a daina hana yaran kuka da sunan tawakkali. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. Haka nan kada wani ya ce a gabansu ambaliya azaba ce saboda zunubin mutane, yaro zai koma ya lissafa nasa laifuffukan ya ɗauka shi ya jawo. Ga babban, a sanar da shi hadisin da ya zo a Bukhari da Muslim wanda ya lissafa wanda ruwa ya ci cikin shahidai, kuma ajali in ya zo babu riƙon da ke tsayar da shi. In yana so, wani namiji ya raka shi maƙabarta ya yi mata addu'a. In bai shirya ba a ƙyale shi.

Nas Mai Jinya:

Ƙwayar nan, ki ɗauki kwalin ki karanta sunan. In diazepam ce, wadda ake kira baliyam, ko 'yar'uwarta bromazepam, ba ta dace da shi ba. Tana sa barci amma ba ta taɓa tushen ciwon, jiki na sabawa da ita cikin 'yan makonni, kuma in ta haɗu da taramol ko kodin tana iya danne numfashi. Sai dai in ya fi mako biyu yana sha kullum, kada a yanke masa rana ɗaya, hakan na iya kawo rawar jiki, tsananin fargaba, har da jijjiga. Ki karɓi maganin ya zauna a hannunki, ki tafi da kwalin asibiti cikin makon nan, likita ya tsara yadda za a rage. Kafin nan: ba shayi mai ƙarfi, goro ko lemon ƙara kuzari bayan azahar, waya ta bar hannunsa awa ɗaya kafin kwanciya, kuma ya tashi lokaci ɗaya kowace safiya ko bai yi barcin kirki ba. Mai shekarunsa yana bukatar awa 8 zuwa 10, ƙannensa 9 zuwa 12.

In za ku je, ki tafi da uwar ita ma a duba ta. Fuskarta yaran ke kallo in an yi tsawa, in ta zabura sun zabura. Ki tambaye ta barcinta, cin abincinta, da ko tana kuka a ɓoye. Ke ma uwa kika rasa, ki samu wanda zai riƙa karɓar ki ko da yini ɗaya a mako.

Ki sa ido a makon 10 ga Satumba, ranar da aka yi ambaliyar, abin kan motsa a zagayowar ranar ko da an samu sauƙi, fitsarin na iya dawowa na 'yan kwanaki. Ku faɗa musu tun da wuri cewa ranar na zuwa, ku tambaye su me suke so a yi wa Kaka, sadakar abinci ko saukar Alƙur'ani, kowa a ba shi abin da zai yi da hannunsa. Ki rubuta a takarda tun yanzu: dare nawa a mako ƙaramin ke jiƙa shimfiɗa, kwana nawa macen ta je makaranta, ƙarfe nawa babban ke shigowa. Da wannan takardar za ki gane ko ana ci gaba, ita kuma za ki nuna wa likita. In bayan mako huɗu zuwa shida na ƙananan bai ragu ba, su ma a kai su.